Zaman Alhamis: Kundin Bitar da Muke Yi wa Kanmu a Ƙaramar Sakandare

Litinin, 23 ga Satumba, 2024

Na buɗe wannan kundi ne don kada abin da muke shirin farawa ya bi ruwa kamar na baya. Makarantarmu ƙaramar sakandare ce ta jeka-ka-dawo a ƙasar Katsina, aji ɗaya zuwa uku, kowane aji kashi biyu. Mu goma sha ɗaya ne malamai, har da 'yar bautar ƙasa. Ni ke koyar da lissafi, ni ne kuma mataimakin shugaban makaranta mai kula da karatu.

Abin da ya tayar da maganar ya faru ne makon jiya a aji ɗaya. Na duba littafin wani yaro, rubutu tsaf kamar an buga da inji, duk abin da na sa a allo ya kwashe. Na ɗora yatsa a layin farko na ce karanta mini. Ya kalli takardar, ya kalle ni, ya sunkuyar da kai. Zana haruffan ya yi, bai san me suke cewa ba. Shekara shida ya yi a firamare, yanzu kuma malamai wajen goma ne za su riƙa shiga suna fita a kansa, kowa da darasinsa cikin Turanci, kowa yana zaton na baya ya gama aikinsa.

Bita kam na je ta ba adadi. Wadda ta fi amfanata ita ce ta SMASE, shirin ƙarfafa koyar da lissafi da kimiyya da aka kawo da haɗin gwiwar hukumar JICA ta Japan. Na koyi abubuwa na gaske a can: yaro ya taɓa abu da hannunsa, malami ya haɗa kayan koyarwa da abin da ke kusa da shi. Amma in na dawo, sati biyu ko uku sai in ga na koma gidan jiya, saboda ba wanda yake shiga ajina ya ce mini ga abin da ya gani. Wannan giɓin nake so mu cike. Shugaba ya amince mu riƙa zama kowace Alhamis bayan sallar azahar, awa ɗaya.

Alhamis, 26 ga Satumba

Zaman farko. Mutum tara suka zo.

Na bayyana tsarin yadda malaman Japan suka daɗe suna yi a makarantunsu: a tsara darasi ɗaya tare, mutum ɗaya ya koyar, sauran su tsaya a gefe suna kallo, a dawo a tattauna, a gyara, wani ya sake koyar da shi a wani aji. Ina kaiwa wajen kallo sai na ga fuskoki sun canza. Malamin kimiyya ya ce, “Malam, faɗa mana gaskiya, wannan rahoton ina zai je?” Ban ga laifinsa ba. Kowane malami a Arewa yana tune da 2017, lokacin da aka yi wa malaman firamare gwaji a Jihar Kaduna, aka ce sama da 21,000 ba su kai makin da ake nema ba, aka sallame su. Tun daga nan, duk wanda ya shigo aji da biro da takarda, gaban malami sai ya faɗi. Na yi musu alkawari biyu: ba takardar da za ta fita daga ofishin malamai, kuma ni zan fara tsayawa a kalle ni.

Alhamis, 3 ga Oktoba

Mun yanke shawarar gwada karatun 'yan aji ɗaya kafin komai. Mun ari hanyar ƙungiyar Pratham ta Indiya, mai koyar da yaro daidai matakin da yake ba daidai ajin da yake ba. Takarda ɗaya ce mai hawa huɗu: haruffa, kalmomi, gajeren sakin layi, sai ɗan labari. Yaro ɗaya ake kira a lokaci guda, minti uku zuwa biyar. Da Hausa muka rubuta tamu, don mu raba wanda bai iya karatu ba sam da wanda Turanci ne kawai ya sha masa kai.

Kuɗi: rim ɗin takarda N6,500, fotokwafi N3,000.

Asabar, 5 ga Oktoba

Ranar Malamai ta Duniya. Na wuni a gida ina yanka katunan haruffa daga kwali.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Kwana uku muka yi muna gwaji a ƙarƙashin darbejiya. Yara 143 ke cikin rajista, mun samu 131. Sauran suna gona, lokacin cirar gyaɗa ne.

A cikinsu 19 ba su gane haruffa ba. 33 sun tsaya a haruffa. 36 suna karanta kalma amma ba sa haɗa jimla. 24 sun karanta sakin layi. 19 ne suka karanta labarin har ƙarshe.

Da na rubuta waɗannan lambobi a allon ofis, ɗakin ya yi tsit. Malamar Turanci, wadda ta shekara goma sha huɗu tana koyarwa, ta ce ita dai ta san akwai matsala, amma ba ta taɓa sanin cewa yara 52 daga cikin waɗanda take ba su aikin rubuta wasiƙa ba su wuce baƙaƙe ba. Idonta ya kawo ruwa. Wani ya fara ɗora laifi a kan malaman firamare, na roƙe shi ya bari. Su ma da aji mai yara ɗari suke fama, kuma yaran yanzu a hannunmu suke. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 shekara tara ta yi wa kowane yaro alkawari. Uku na ƙarshe su ne namu, kuma da yawa daga cikin yaran nan, musamman mata, daga aji uku ba za su sake zama a gaban allo ba.

Mun tsayar da minti talatin na farkon safiya, Litinin zuwa Alhamis, don karatu rukuni-rukuni. Kowane malami zai riƙe rukuni, har mu na lissafi. Hedimastan firamaren da ke maƙwabtaka da mu ya ara mana tsofaffin littattafan karatun Hausa guda talatin na RANA, wani shirin koyar da karatu da lissafi a firamare.

Talata, 15 ga Oktoba

Na cika alkawari, an kalli darasina a aji ɗaya A. Darasin tara ɓangarorin lamba ne, irin su 1/2 da 1/3. Mutum huɗu suka tsaya a baya. Na ba 'yar bautar ƙasa aikin zana taswirar ajin, ta riƙa sa ɗigo a kan kujerar duk wanda na kira.

A raina darasin ya tafi daidai. Da ta miƙo mini takardar sai jikina ya yi sanyi. Tambaya goma sha huɗu na yi, goma sha biyu sun tafi ga layi biyu na gaba, kuma yaro ɗaya shi kaɗai ya amsa biyar. Ɓangaren mata, ɗigo ɗaya tak. Shekara sha bakwai ina koyarwa ban san da yara takwas nake magana a cikin saba'in ba. Malamin kimiyya kuma ya zaga ya leƙa littattafai, ya ce mafi yawansu da aka ce su tara 1/2 da 1/3 sun rubuta 2/5, sama da sama, ƙasa da ƙasa. Ni kuwa na ce “Kun gane?” suka ce “Eh, Malam,” na wuce.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Yau an yi ɓarna, kuma da hannuna a ciki.

Bayan nawa, wanda ya yarda a kalle shi shi ne dattijon cikinmu, mai koyar da darasin addinin Musulunci. Baba Malam muke ce masa. Da takardar Grade II, tsohuwar shaidar malanta, ya fara aiki, daga baya ya yi NCE ta karatun nesa na Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, saura masa 'yan shekaru kaɗan ya yi ritaya. Uku daga cikinmu ya koyar da su. Da ya ce a zo ajinsa na ji daɗi ƙwarai, don in ya shiga kowa ya shiga.

Jiya muka kalla. Ya yi bayani mai kyau na minti goma, sannan ya cika allo da rubutu, yara suka kwafa har aka kaɗa ƙararrawa. Yau da aka zauna, maimakon in fara ba shi dama ya faɗi yadda ya ga darasinsa, sai na ce, “To, wa zai fara?” Wani matashin malami da bai daɗe da fitowa daga kwalejin ilimi ba ya ɗaga hannu ya ce, “Gaskiya wannan ba koyarwa ba ce, kwafi ne. An daina yayin wannan.” A gaban kowa, har da mata, har da 'yar bautar ƙasa da ba ta kai 'yarsa ta uku ba.

Baba Malam bai ce uffan ba. Ya naɗe tabarau ya sa a aljihu, ya ce, “Allah ya ba mu alheri,” ya ɗauki kekensa. Ni kuma na yi shiru a wurin da ya kamata in yi magana. Matashin yana ta cewa ai gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Haka ne, amma akwai yadda ake faɗa wa babba magana, kuma ni ne ban shimfiɗa ƙa'ida ba tun farko. Na ɗauko tsari daga wata ƙasa, na manta cewa a nan wanda ya koya maka karatu ba ka yi masa gyara a bainar jama'a.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Mutum uku suka zo. Ba mu yi zama ba. Malamar Hausa ta ce mini a keɓe, in an yi wa Baba Malam haka, ita me za a yi mata?

Ga kuma rashin wuta, tun farkon mako Arewa ke cikin duhu. Mai fotokwafi ya koma janareta, fetur ya haura dubu, shafin da yake yi N50 ya koma N100. Na biya N4,000 na takardun rukunin kalmomi, sauran za mu rubuta da hannu.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Bayan la'asar na ɗauki matashin malamin a babur muka je gidan Baba Malam. Na riƙe goro. Ya shimfiɗa mana tabarma a zaure, aka gaisa, aka tambayi iyali da amfanin gona. Na ce, “Baba, mun zo ba da haƙuri ne. Laifin nawa ne kafin na kowa.” Yaron ya durƙusa ya ce, “Allah gafarta Malam, bakina ne ya riga hankalina. A yafe mini.”

Ya daɗe bai amsa ba. Da ya buɗe baki sai ya ce ya yafe, kuma ba ƙarya yaron ya yi ba. Ya ce ya san kwafi ba ya sa ilimi a kai, amma yara saba'in ba mai littafi ko ɗaya, in bai rubuta musu ba me za su duba ranar jarrabawa? Wannan tambaya ce ta gaske, kuma ba wanda ya yi masa ita ranar Alhamis ɗin.

Hira ta yi nisa har na ba shi labarin 2/5. Ya yi murmushi ya ce, “Rabi da sulusi? Ai wannan mas'alar gado ce. Mace ta rasu ba ta bar ɗa ba, ta bar miji da uwa da baffa. Miji rabi, uwa sulusi, saura na baffa. Kafin ka raba sai ka nemo asalin mas'ala.” Ya zana a ƙasa da tsinke: asali shida, miji uku, uwa biyu, baffa ɗaya. Biyar cikin shida ke nan suka tafi. Abin da nake ta fama in fassara daga littafin Turanci, ashe yana da suna tuntuni a zauren malamanmu, kuma rabi, sulusi, rubu'i, sudusi da sumuni kalmomi ne da yaran nan suke ji a Islamiyya da wajen rabon gado. Na roƙe shi ya zo mu tsara darasin tare. Ya ce sai ya gani.

Alhamis, 31 ga Oktoba

Ya zo. Mutum takwas.

Mun rubuta ƙa'idoji a kwali muka manna a bango. Wanda ya koyar shi ke fara magana. Mai kallo yara yake kallo, ya faɗi abin da ya ga sun yi ko ya ji sun ce, ba ya yanke wa malami hukunci. Darasin namu ne duka tunda tare muka tsara, in ya faɗi mu muka faɗi. Baba Malam ya ƙara ta huɗu da kansa: wanda yake da gyara na mutum, ya same shi shi kaɗai.

Sauran lokacin mun tsara darasin rabi da sulusi. Karan dawa za mu yi amfani da shi, yanzu ko'ina akwai.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Ranar kasuwa. Kusan sulusin aji ba su zo ba, mun ɗaga darasin.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Aji ɗaya B, matashin malamin ne ya koyar, mu biyar muna kallo. Yara shida-shida, kowane rukuni da kara guda da aka yi wa alama gida shida. Ya rubuta 2/5 da 5/6 a allo ya ce a cikinsu ɗaya ce amsa, ku nemo, ku kuma gamsar da ni. Ya hana ɗaga hannu, sunaye ya rubuta a tsinkaye yana zarowa daga gwangwani.

Ni an ba ni rukunin mata na ƙarshen aji, kusa da taga. Minti biyar ba wadda ta taɓa karan. Can wata 'yar siririya, wadda na san tana tallar awara da yamma, ta ja shi gabanta ta rufe gida uku da tafin hannu ta ce wannan rabi ne. Ƙawarta ta rufe biyu. Suka ƙirga, biyar, saura ɗaya. Sai ta juya ta ce da ta kusa da ita, a hankali, “To ai biyu cikin biyar ma bai kai rabi ba. Ya za a yi ka ƙara wa rabi wani abu kuma ya ragu?” Ban taɓa faɗa musu haka ba, ba ya cikin tsarin darasin ma. Na rubuta maganarta kalma bisa kalma. A gwajinmu yarinyar nan a matakin haruffa take.

Ba komai ne ya tafi daidai ba. Hayaniya ta yi yawa har malamin aji biyu ya leƙo. Rukuni uku na maza sun mayar da karan sandar wasa. Lokaci ya ƙare ba a kai ga rubuta ƙa'idar a littafi ba, kuma Baba Malam ya nuna wannan a zama, da gaskiyarsa: abin da ba a rubuta ba zai gudu. Mun yarda minti takwas na ƙarshe na rubutu ne, layi uku ko huɗu da yaran suka gane, ba allo cike ba.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Matsalar karatun safe ta fito fili. Manyan yara maza na rukunin haruffa sun daina zuwa da wuri, sai an gama suke shigowa. Na tare ɗaya a bakin ƙofa, zai kai shekara sha biyar, murya ta fara buɗewa, yana koyon gyaran babur. Ya ce, “Malam, ni da ƙanena za a zaunar ana a, ba, ca?” A firamare wannan ba ya tasowa sosai. A wannan shekarun kuwa yaro ya gwammace a ce masa mara ji da a ce masa daƙiƙi.

Mun ware su goma sha ɗaya, malamin fasaha zai riƙe su a shagon aikin hannu, ƙofa a rufe. Ya ce zai fara da kalmomin da suke gani kullum: taya, birki, mai, sarƙa. Mun kuma daina kiran rukunoni da sunan mataki, kowanne sunan malaminsa yake amsawa.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Malamar Hausa ta yarda an kalle ta. Lafiya lau aka tashi. Hunturu ya shigo, yara na makara, mun matsar da karatun safe zuwa bayan darasi na farko.

Talata, 26 ga Nuwamba

Jami'in duba makarantu ya zo. Ya duba littafin tsarin aiki ya ga ina baya da mako biyu a manhajar lissafi ta aji ɗaya, ya rubuta. Ban musa ba, haka ne. Na nuna masa sakamakon gwajin da littattafan yara. Ya ce ya fahimta, amma jarrabawar kammala aji uku daga manhaja za a fitar da ita. Shi ma gaskiya ya faɗa, kuma abin ya hana ni barci. Na fi yarda da in koyar da abu bakwai su zauna da in ruga ta kan goma, sai dai ba ni da ikon yanke wa yaran wannan ni kaɗai. Zan kai maganar zama mu fitar da batutuwan da sauran suka dogara a kansu, mu ba su lokaci, mu taƙaita waɗanda za a iya taƙaitawa.

Alhamis, 12 ga Disamba

An gama jarrabawar zango. Mun sake gwajin karatu da sabuwar takarda, a kan yara 52 na matakai biyu na ƙasa. Mun samu 44. A cikinsu 23 yanzu suna karanta kalmomi, 4 sun kai sakin layi, 12 suna nan a haruffa, 5 har yanzu ba su kama ba. Biyu daga cikin biyar ɗin ina zargin ba sa gani da kyau, suna kai takarda har hanci. Zan yi wa iyayensu magana a kai su asibiti. Takwas da ba mu samu ba, uku mata ne da aka ce ba lallai su dawo ba. Shugaba da shugaban kwamitin kula da makaranta za su je gidajensu cikin hutu.

A lissafi na sa tambayar 1/2 da 1/4 a jarrabawa. A aji B, inda aka yi darasin kara, fiye da rabi sun samu. A aji A, inda na koyar ni kaɗai tun farko kuma ban maimaita ba, 2/6 ta cika takardu. Da shi zan buɗe zango na biyu.

Kuɗin zango: takarda N6,500, kwali ashirin N5,000, alƙalamin maka N2,400, fotokwafi N7,000, ruwa da gyaɗar zama N9,000. Jimla N29,900. Kwamiti ya ba da N15,000, sauran karo-karo muka yi.

Zango mai zuwa gajere ne a wurinmu, azumi zai kama wajen farkon Maris, don haka darasi uku kawai za mu ɗauka: Turanci, kimiyya, da na addini. Za mu fara karatun Turanci da rukunin da suka kai labari a Hausa. Za mu gwada 'yan aji biyu. Zan kuma gayyaci malaman aji shida na firamaren maƙwabta su zauna da mu sau ɗaya.

Na addinin Baba Malam ne zai koyar, shi ya nema. Ya ce in samo masa kwali biyar da maka baƙa da ja kafin a dawo hutu.